Mun Raba Baba da Gona, Zama Yana Neman Cinye Shi

Assalamu alaikum, Hajiya Laure. Don Allah ki taimake ni da shawara, don na kai inda ko tunanin kirki ba na iya yi. Ki sakaya sunana.

Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi, a Gesse nake zaune da mijina da 'ya'yanmu. Mahaifina manomin shinkafa ne a Argungu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta fito ta iske shi a gida ba. Bara, lokacin yankan shinkafa, jiri ya ɗebe shi ya faɗi a gona. A asibiti aka ce hawan jini ne da ciwon suga. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, sai ni da yayana Ikrima muka yanke shawarar ya bar noma ya dawo wurina. Gonar aka damƙa wa ɗan ƙanensa.

Wallahi na yi iya yina. Na gyara masa ɗaki, ko buta ba na bari ya ɗauka, masallaci ma ga shi nan jikin katangarmu. Amma maimakon sauƙi, sai abin ya ƙaru. Ya yi ƙiba, gwiwoyinsa sun riƙe, sugan ya ƙi sauka duk da magani. Mutumin da ke cika gida da hira da dariya, yanzu wuni yake a kujera yana kallon bango. Inda na bar shi da safe, nan nake dawowa in same shi.

Da muka koma asibiti, likita ya ce zaman ne ke ƙara masa ciwo, lallai ya riƙa tafiya. Na ce mu riƙa zagaya unguwa da yamma. Ya bi ni na ɗan lokaci, daga nan ya ƙi. Cewa ya yi shi bai san tahiyar da babu inda za a ba, mutane na kallon dattijo yana gewaya gidaje kamar wanda ya ɓata. Abu ɗaya yake so, a maida shi Argungu. Ranar nan har da hawaye ya ce mini in ma mutuwa ce, gara ta iske shi cikin fadama.

Da na gaya wa Yaya, faɗa ya rufe ni da shi, wai in Baba ya sake faɗuwa alhakinsa yana wuyana. Alhali shi yana nan unguwar Gwadangaji, kusa da mu, sai ranar Juma'a yake leƙowa ya gaisa ya tafi. Ni ce mai girki kala biyu, ni ce mai tuna magani, ni ce mai lallashi. Bayana ma ya fara ciwo. Mijina bai ce komai ba, amma ina ganin fuskarsa. In na bar Baba ya koma ina tsoro, in na riƙe shi kuma a gabana yake lalacewa. Na gaji, Hajiya. Yaya zan yi?

Gajiyayya, Gesse

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar mahaifi. Ki cire wa ranki cewa kin yi laifi, ƙauna da tsoro ne suka sa kuka zaunar da shi.

Yayanki yana da gaskiyarsa. Aikin ƙarfi cikin rana haɗari ne ga mai hawan jini, kuma mai ciwon suga in ya shiga ruwan fadama ba takalmi, ɗan ƙaramin rauni a ƙafa na iya zama babbar matsala. Amma Baba ma yana da tasa. Motsi yana taimaka wa jiki sarrafa suga, yana sassauta hawan jini, yana warware gaɓoɓi, yana kuma rage ƙuncin zuciya. Hutun da kuka ba shi ya yi yawa.

Manomi ba ya fita sai da dalili, don haka ki nema wa tafiyar dalili. Ki maida masa butarsa. Sallar la'asar ya riƙa yin ta a masallaci mai ɗan tazara. In kuna da fili a bayan gida, ki roƙe shi ya shuka miki albasa da alayyahu, ki nuna masa ke ce mai buƙata.

Argungu kuma ba nisa. A riƙa kai shi a ƙarshen mako da sanyin safiya, bayan ya karya ya sha magani, ya zaga gonarsa da takalmi a ƙafa, ya duba aiki, ya ba ɗan ƙanensa umarni, amma ban da ɗaukar fartanya. Kafin nan ki ja Ikrima ku je wurin likita tare da Baba, a faɗi iyakar abin da jikinsa zai ɗauka, kowa ya ji da kunnensa. Duk lokacin da ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, a tsaya a nemi likita. A riƙa duba ƙafafunsa, kuma kada a bar magani don an ga sauƙi.

Kai shi Argungu ya zama aikin Ikrima. Ki faɗa masa cikin ladabi amma ba da kwana-kwana ba, don mahaifin naku ne ku biyu. Wannan ranar taki ce: ki huta, ki je a duba bayan nan naki, ki zauna da maigidanki ku yi magana tun shirunsa bai yi tsawo ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sassauta miki wannan gajiya, ya ba ki masu yi miki fiye da yadda kike yi masa.

Taki,
Hajiya Laure