Tabarmar da Ta Kalli Gabas

Tamanrejo, Janairu 1994

Zuwa ga Lik Sumirah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan sanyin Rotterdam ya yi sauƙi, ƙafarki kuma ta daina kumburi.

Lik, na yi ɓarna, kuma ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke, ƙanwar babana.

Kin san ƙungiyar matan Musulmi ta turo ni nan in buɗe ajin Asabar ga 'yan matan da suka bar makaranta. Kakata Mbah Poniyem ta ba mu barandarta. Tun Nuwamba komai lafiya, har iyayen ma sun fara zuwa koyon karatu. Akwai Ngatini, 'yar mai soyayyen rogo, da nake shiryawa don jarrabawar makarantar jinya a watan Yuni. Kanta na ja ƙwarai.

Kullum kafin azahar nake sallamarsu in kama jirgin fito. Asabar ɗin can ruwa ya tsare mu. Mbah ta ce a yi salla tare, malama ta shige gaba. Aka shimfiɗa tabarmi ana kallon yamma, yadda suka gada tun kakanninmu suna tsibirin Jawa. Sai na ciro kamfas ɗin da na yi karatun awon ƙasa da shi, na ce, "Mbah, daga Jawa ne Makka take yamma. Daga Suriname gabas take, da ɗan karkata arewa."

Ta ce, "Nduk, jikata, mayar da agogonki jaka."

Na ce ba agogo ba ne. Har wannan ma sai da na gyara mata, Lik.

Na juya tabarmata. Ban yi tunanin cewa ni ce a gaba ba, don haka juyawar ta sa muna fuska da fuska. Na yi ruku'u gare su, suka yi ruku'u gare ni. Wata yarinya ta tuntsire da dariya, duk sahun ya ɗauka. Mbah ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Asabar da ta biyo baya ba wadda ta zo. Uwar Ngatini ta ce min a kasuwa, "Malama, 'yata ba za ta koyi yi wa tsofaffi dariya ba. Za ki sayi rogo ne, ko ki matsa wa masu saye?"

Abin da na faɗa daidai ne, na sake aunawa. Amma ba na iya ɗaga kai a titi. In Ngatini ta rasa jarrabawar nan, ni na jawo mata.

Taki mai biyayya,
Wartini

Rotterdam, Fabrairu 1994

Wartini 'yata,

Wa alaikissalam. Ƙafa na nan yadda kika san ta, sanyi kuma ya ƙi tafiya.

Na yi dariya har maƙwabciyata ta buga bango. Limamiya na yi wa mamu ruku'u! Daga baya kuma na yi kuka.

Ke kina zaton Mbah ba ta san inda Makka take ba? Kowa a garin nan ya sani, ɗiyar boko. An faɗa musu da taswira, an faɗa musu da lasifika. Wanda ya fara faɗa mata kuwa ubanki ne, a barandar nan da kike koyarwa, ranar sadakar arba'in ta kakanki. Gaban baƙi ya juya tabarmarsa, ya ce uban da aka binne bai taɓa yin salla ko ɗaya daidai ba. Shi ya sa kika tashi a Paramaribo ba ki san ɗanɗanon girkinta ba, ba nisa ba ne yadda aka ce miki. Har ya rasu ba su yi magana ba.

Kuma ba ƙungiya ce ta zaɓe ki ba. Ita ta sa aka kai ta ofishinsu a bayan babur, da tsufanta, ta ce 'yar ɗanta Kasman take so. Ta san gabas kike kallo. Ta sa ki gaba ne don matan gari su ga jikarta.

Ban ce ki kalli yamma ba, ni ma gabas nake kallo. Azumi ya kusa. Ranar Bodo, wato ƙaramar salla, idan yara suna durƙusawa gaban manya neman gafara, ki shiga layi. Ki bar agogon a gida.

Lik ɗinki,
Sumirah

Tamanrejo, Maris 1994

Zuwa ga Lik Sumirah,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya karɓi ibadarmu.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Ban san zancen Baba ba.

Ranar Bodo na shiga layi a bayan ƙananan yara. Baranda cike take da matan da suka ga abin da na yi. Na durƙusa, na ɗora goshina a gwiwarta. Na shirya jawabi, duk ya gudu. Na ce, "Mbah, ba zan iya kallon yamma ba. Amma na ci mutuncinki a gidanki, na sa yara sun yi miki dariya. Ki yafe min."

Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ta ce, "Ina agogon?"

Na ce, "Yana gida."

"Af, yau ya zama agogo?"

Matan suka yi dariya, wannan karon ni ake yi wa. Ta riƙe haɓata tana duba fuskata, ta ce, "Goshin Kasman, bakin Kasman. Gwiwar ce dai ba tasa ba." Ta sa aka zubo min miyar saoto, ta tsare ni da ido har na shanye.

Zancen aji ba ta ce komai ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Na hango Ngatini tana wanke kwanuka, ta sunkuyar da kai. Zan je Asabar, ko da ni kaɗai zan zauna.

Taki mai biyayya,
Wartini

Tamanrejo, Afrilu 1994

Lik,

Assalamu alaikum, a gurguje.

Sun dawo, ba duka ba, amma Ngatini na ciki, uwarta ma ta aiko min da rogo. Mbah ta ce kada a tashi sai an yi azahar. Ita da kanta ta shimfiɗa tabarmi: nasu na kallon yamma, tawa a bayan kowa tana kallon gabas.

Tabarmata ta ɗan karkace kudu, ido na gani. Kamfas yana cikin jakata. Ban ciro shi ba.

Taki,
Wartini