Kaset Ɗin Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Inna.

Watan nan na cika shekara bakwai da wata huɗu rabona da gida. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san bakina. Idan na ji muryarka zan faɗi abin da sai na nemi gafara.

Shekaranjiya a ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki, muna ninke zannuwan gado, wani abokin aikina da muke kira Dogo ya kunna waƙa a wayarsa. Ko kalma ɗaya ba ya ji a harshenmu, kai kawai yake kaɗawa. Sai na ji gyaran muryar Baba, irin wanda yake yi kafin ya fara bege. Sai ga shi yana salati, ƙarƙashinsa wani kiɗa mai dukan ƙirji, sannan ga ka kana zuba magana kamar ɗan gwanjo. Na saki zanen ya shige injin guga a karkace, aka rubuta mini gargaɗi.

Kaset ɗin da kuka ciro muryar, ni na ɗauke shi a shagon ɗinkin Baba, da rikodar aro. Da ya gano, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Ya ce begensa tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Mutumin da ko a sahu ba a jin amin ɗinsa, yau da shi ake rawa a waya.

Ban ce ba ka iya ba. Ka iya. Amma ka aiko mini da kaset ɗina.

Ka ce wa Inna maganin ƙafarta na nan tafe. Ka huta lafiya.

Yayanka

*

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Ashe waƙar har can ta kai! Wallahi sai da na daka tsalle, sannan na karanta sauran na zauna.

Ɗan gwanjo kuma? To, na karɓa, na gode.

Amma don Allah sake saurara. Wannan tak-tak-tak ɗin ba ganga ba ce, keken ɗinkin Baba ne, ƙafarsa ce a kan feda. Da shi yake riƙe baitinsa, mu nauyi kawai muka ƙara masa. Yaya, samarin da ko da kuɗi ba za ka zaunar da su wa'azi ba, yanzu salati suke yi a shagon aski. Wani direban tirela ya ce mini da ita yake korar barci, har ya koma tsayawa sallah a hanya. Ladan na wa? Ba na Baba ba? Inna ta ji, ta yi kuka, ta ce in maimaita mata.

Kuma ni na zauna jinyarsa wata tara. Ba gori nake yi ba.

Maganar kaset, za mu yi ta. Inna na gaishe ka.

Autanku

*

Auta,

Sallama da gaisuwa.

Na saurara. Gaskiyarka, keken ne. Har wurin da bel ɗinsa ke zamewa na ji.

Gori ka yi, kuma ya same ni. Ranar da aka binne shi ina nan ina matse tawul ɗin mutanen da ban sani ba, fasfona na aljihun teburin ubangidana. Kai ka riƙe hannunsa, kai ka wanke shi. Ni abin da nake da shi kaset ne, na bar shi a akwatin Inna don kada ya ɓace a hanya.

Maganar lada Allah ne masani, ni ba malami ba ne. Na so in ce ba ka nemi izininsa ba, sai na tuna ni ma ban nema ba. Ni na fara satar muryar, kai ka kai ta kasuwa. Sai mu raba laifin.

Amma "za mu yi ta" ba amsa ba ce. Ina kaset?

Yayanka

*

Yaya,

Salam. Sau uku ina yaga takarda.

Babu kaset. A situdiyo mun kwafi baiti biyun da muke so, da nufin mu kwafi sauran gobe. Wajen mayar da shi baya rikodar ta haɗiye zaren. Mai situdiyo ya ja da ƙarfi, ya tsinke, ya cukurkuɗe. Na kai wa masu gyara uku, duk sun ce a haƙura. Baiti biyun ma, da kwamfutarsa ta cika, ya goge su, ya bar waƙar da aka gama kaɗai.

Inna ba ta sani ba. Har yanzu tana goge kwalin tana mayarwa akwati.

Ka zage ni, Yaya. Ya fi mini shirun.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wata biyu ban amsa ba.

Ba zan zage ka ba. Ban kuma yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Kada ka gaya wa Inna, bar ta da kwalinta. Kada kuma ka cire waƙar daga intanet, tunda yanzu a cikinta kaɗai Baba yake.

Dogo ya iya taɓa waya. Na roƙe shi ya yanko mini wuraren da kiɗanku ya ɗauke, kai ma ka yi shiru, ya rage Baba da kekensa. Wuri uku ne. Na farko sakan goma sha ɗaya, na biyu shida, na ƙarshe tara.

Daga kaset na awa guda, abin da na tsira da shi ke nan: sakan ashirin da shida.

Allah Ya jiƙan sa. Ka gaida Inna.

Yayanka