Kafaɗar Mai Sarewa

Zuwa ga Chizuru, sanyin idona, hasken farko da ke sauka a kan kogin Ashida, furen da ke tsagowa tun sanyi bai gama tafiya ba,

Ina rubuto miki ne daga kan bencin aiki, yatsuna duk garin icce, kotonki, abin kiɗan nan naki mai tsirkiya, na kwance a gabana. Yau kwana goma sha tara rabona da muryarki. Abinci ya zama kamar takarda a bakina, har Inna ta daina tambaya, sai dai ta ɗauke kwanon shinkafar kamar yadda ta ajiye shi.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon Baba Genzo, ruwa na ɗiga daga lemarki? Kika ce kina neman koto wanda ba ya ƙarya. Tsohon ya yi dariya, ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Ga wanda zai yi miki. Shi ma bai iya ƙarya ba, shi ya sa har yau ba shi da mata." Wata bakwai na yi a kan icen nan da ake kira kiri. Na fafe cikinsa, na sassaƙa ƙananan layuka inda ido ba zai taɓa kaiwa ba, na ƙona bayansa da ƙarfe mai zafi har jijiyoyinsa suka fito kamar igiyar ruwa. Da kika sa faratan kiɗa a yatsunki uku, kika taɓa tsirkiya ta farko cikin goma sha ukun, sai kika ɗago kika dube ni. Wane biki ne zai kai wannan kallon? Tun daga ranar na san inda rayuwata ta nufa.

To, wannan kallon ne na gani kin ba wani.

Ina nufin ranar wasan kaka a haikalin Onomichi, ganye ya yi ja har bakin matakala. Kina zaune a kan gwiwoyinki cikin kimono mai launin toka, Malam Toda yana gefenki da sarewarsa ta gora. Na sani, rabin raina, ba sai kin tuna mini ba. A kiɗanmu babu mai ɗaga sanda ya ba da umarni. Dole mai koto ta sa ido a kafaɗar mai sarewa don ta ga lokacin da zai ja numfashi, su shiga tare. A cikin wannan sana'a na tashi. Amma sani dabam, gani dabam. Kafaɗarsa ta ɗaga, ƙirjinki ya ɗaga. Ya yi shiru, kika tsaya da hannu a sama kamar tsuntsuwar da ke jiran iska. Mutum ɗari biyu suna jin kiɗa, ni kuwa ina kallon matar da zan aura tana numfashi da huhun wani namiji, a kan icen da na fafe da hannuna.

Ba zan ɓoye abin da na yi ba. Da aka tashi ana shan shayi, ya zo ya sunkuya mini, ya ce, "Malam Noboru, wannan koto yana da murya irin ta mutum." Ni kuwa na ce, "Ai ba gora ba ce da kowa zai yanka ya huda mata ramuka biyar." Malamarki ta ajiye kofinta a hankali. Ke kuma kika bi ni har wajen takalma, kika ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ka ba ni kunya, Noboru." Washegari kika hau jirgin ƙasa zuwa Kanazawa tare da su Malam Toda, ba sallama.

Na cancanci wannan. Amma ki ji abin da ya biyo baya.

Ran Talata da rana ina goge wani icce, sai ga inuwa a bakin ƙofa. Malam Toda ne da kansa, ya rungumo kotonki a cikin mayafinsa mai ruwan goro. Ya ce sanyin Kanazawa ya sa tsirkiyoyin sun saki, kin kuma hana kowa ya taɓa su sai ni. Na ji daɗi, na kuma ji haushin cewa shi kika ba wa ya ɗauko. Awa nawa ya yi a jirgi da shi jingine a kafaɗarsa?

Baba Genzo ya kawo masa shayi. Malam Toda ya zauna yana kallon aikina, ya ce, "Har yanzu kana fushi da gorata?"

Na ce, "Ba ni da abin faɗa da gora."

Ya yi murmushi. "Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Daga Okayama har Kanazawa ba ta da zance sai kai. Na san ba ka cin kifin kogi, na san kana magana da icce idan ka zaci ba kowa."

Wai lallashina yake yi. Bai san ya ƙara hura wutar ba. Ashe hira kuke yi har haka? Ashe abin da na ɗauka tsakaninmu ne mu biyu, ya zama abin dariya a cikin jirgi? Na ƙulla tsirkiya ta bakwai da ƙarfin da ya kusa tsinka ta, sai da Baba ya dafa hannuna.

Da zai tafi, yana ɗaura takalmi, ya ce, "Idan ta amince ta zo Kyoto, za mu riƙa aiko maka da aiki sosai."

Na ce, "Wane Kyoto?"

Fuskarsa ta sauya. A nan ya gane ba ki gaya mini ba. Ya ce ƙungiyarsu ta yi miki tayin zama na dindindin daga bazara, kin roƙi a ba ki zuwa ƙarshen wata.

Daga bazara, Chizuru. Lokacin da muka tsayar na aurenmu. Me ya sa sai daga bakinsa zan ji? Tsoron fushina kika yi, ko kuwa kin riga kin yanke shawara kina neman kalmomin da za ki faɗa mini? Tun ran Talata tambayar nan ke cina kamar gara a cikin icce, waje lafiya lau, ciki ya zama gari.

Na ƙi ba shi koton ya mayar. Na ce tsirkiyoyin da aka sake ɗaurewa suna son kwana uku su zauna, wanda gaskiya ne, sai dai ba shi ne dalilina ba. Ni zan kawo miki shi ran Asabar, a jirgin safe.

Ga abin da zan faɗa idan na zo, na rubuta shi tun yanzu don kada bakina ya sake cin amanata. Kada ki ƙi Kyoto saboda ni. Hannunki ya fi ƙarfin garinmu Fukuyama, na san haka tun kafin su sani. Idan kika tafi, zan biyo ki. Akwai icce arba'in da na shanya a tsakar gida da sunana, saura musu damina biyu su nuna. Jiya na ce wa Baba Genzo na bar masa su. Ya dube ni, ya ce, "Ashe ka girma." A Kyoto ko ɗaura tsirkiya kawai na samu, zan yi, in dai ƙofar da kike shiga da yamma tawa ce.

Zan kuma nemi gafarar Malam Toda a gaban malamarki, in sunkuya har goshina ya taɓa tabarma. Ba na ce zan so shi ba. Ba na ce zan daina jin zafi duk ranar da kuka hau dandali tare ba, domin ban iya wannan alkawarin ba. Abin da na iya shi ne in zauna in saurara har ƙarshe, in kama bakina.

Roƙo ɗaya ya rage mini. Sau biyu a shagon nan na ji ya ce "Chizu". Ki gaya masa sunanki Chizuru ne. Wancan gajeren ni na raɗa miki, kuma ban ba kowa aro ba.

Naki ni kaɗai, yau da bayan furfura,
Noboru