Za Su Cire Aikin Marigayi Maigidana

Anti Mariyatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ya gane. Ko yayata da na gaya mata cewa ta yi baƙin ciki ne ke sa ni surutai.

Maigidana, Baban Shamsiyya, ya rasu bara. Mai gyaran kwamfuta ne a Ƙofar Kware. Tun kafin aurenmu yake cikin masu taimaka wa Linux, wata babbar manhajar kwamfuta da jama'ar duniya ke haɗuwa su gina kyauta. Nasa aikin shi ne kula da wani ɗan guntu a ciki, direba suke ce masa, wanda ke sa kwamfuta ta gane wani tsohon katin intanet da shagunan kafe ke amfani da shi a da. Ba a taɓa biyansa ba. In na tsokane shi cewa kishina da kwamfuta ne, sai ya yi dariya ya ce wannan ce rijiyarsa. Bai da halin gina ta ƙasa, amma duk wanda ya amfana da wannan, ladan zai bi shi har kabari. Anti, da gaske yake faɗa, ni ma da gaske na ɗauka.

Da na fita takaba na buɗe imel ɗinsa, sai na tarar da saƙonni sun taru. Mutanen can ba su san ya rasu ba. Sun yi ta tambaya, shiru. Yanzu sun rubuta cewa mai kula da direban ba ya amsawa, an gano matsala a ciki, kuma in ba wanda ya fito ya ce yana amfani da shi ko zai kula da shi, za su cire shi a fitowar manhajar ta gaba. Ba ya amsawa! Mutumin da ko yana cin tuwo in saƙonsu ya shigo sai ya wanke hannu.

Na hau keke napep na zaga kafe-kafen da na sani, har wajen Kalambaina, ina tambayar ko akwai mai katin. Wasu ba su ma taɓa jin sunansa ba. Mutum ɗaya ya nuna mini nasa, ya tokare taga da shi.

Ƙanen maigidana, Jibrin, ya ce abu mai sauƙi ne: tunda imel ɗin na hannuna, in amsa da sunan marigayi, in ce na dawo, a bar aikin. Ya ce ba wanda zai sani, kuma ai taimakon mamaci ne. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Ina tsoron ƙarya da sunan wanda ke kwance, ina kuma tsoron in yi shiru a toshe masa rijiya ina kallo. Shamsiyya ta girma in ce mata me? Ya zan yi?

Mai Zullumi, Runjin Sambo

Mai Zullumi, Allah ya jiƙan Baban Shamsiyya, ya ba ki haƙuri. Ba surutai kike ba, amana ce ta yi miki nauyi.

Kada ki aika saƙon nan. Jibrin ƙauna ce ta sa shi, ban zarge shi ba, amma bai hango gaba ba. Kina cewa kin dawo, abu na farko da za su nema shi ne a gyara matsalar da suka gano. Wa zai gyara? Za ki sake yin shiru, kuma a wannan karon sunan mijinki zai zama na mai alkawari ya saɓa. Shirun baya kuwa uzurinsa a fili yake, ke ce kawai ba ki faɗa ba tukuna.

Su ma mutanen can ki yi musu adalci. Na tambayi wani masanin harkar, ya ce aikin da ba mai kula da shi yana iya zama ƙofar da ɓarayin intanet za su shiga, su cuci mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Mijinki da kansa ya kira abin rijiya. Tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba, ba murfi, a tsakiyar unguwa, kin san abin da mai ita zai so a yi da ita. Masanin ya kuma tabbatar mini cirewa ba shafewa ba ce: duk abin da marigayi ya rubuta yana nan a tarihin manhajar da sunansa, kuma duk mai buƙata zai iya ɗauko shi.

Batun lada, ni ba malama ba ce, ki je wurin malamin da kika yarda da shi. Amma ki tuna ɗaliban da suka cike jarrabawa da masu neman aiki a kafe-kafen nan shekara da shekaru. Ruwan da suka sha ba wanda zai iya ƙwace shi.

Ki rubuta musu yau, da sunanki. Ki ce ke matarsa ce, ya rasu bara, bai taɓa ƙin amsa musu ba sai da ya kasa. In yana da abokin sana'a da zai iya karɓar aikin, ki ambace shi. In babu, ki ce kin yarda su cire. Amsoshin da za su turo ki adana wa Shamsiyya.

Mutanen nan sun yi shekaru suna aiki da shi, har yanzu jiransa suke. Ki ba su dama su yi miki ta'aziyya. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya Shamsiyya.

Anti Mariyatu