Sunan da Na Kasa Faɗa a Zauren Dagaci

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ki yi haƙuri da rubutun, sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gammo.

Bara aka yi wa yaran unguwarmu allurar rigakafi. Kowa ya tashi lafiya, ban da ɗan farina. Kafaɗarsa ta kumbura, har yau hannun hagu ba ya ɗaguwa. Likita a Gwarzo ya ce wataƙila allurar ce, wataƙila ba ita ba ce, sai an duba a Kano. Na rubuta wa hukumar lafiya ƙorafi da hannuna, ina neman a ɗauki nauyin maganinsa. Aka sa ranar sulhu a zauren dagaci.

Jami'ar lafiyar da aka turo mai kirki ce, Inna. Ta ce bakin uwa take son ji. Aka kira ni. Ga surukina, ga yayyen mijina. Ta tambaye ni sunan yaron da yadda yake kwana.

Ke kika koya min cewa 'yar mutunci ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi gaban surukai. Ni ma ba ki taɓa kiran sunana ba. “Ke wannan,” kike cewa, alhali ni kike ɓoye wa kindirmo a ƙaramar ƙwarya.

Na sunkuyar da kai, na ja mayafi. Ta jira, ta sake tambaya. Sai surukina ya ce ƙaddara ce, sun yafe, gidansu ba a karɓar diyya a kan abin da Allah Ya yi. Aka shafa fatiha, ta ɗauki jakarta.

Jiya na hango yaron yana ɗaure maraƙi da hannu ɗaya da haƙori. Ranar rigakafin ƙanwarsa kuma ta matso. Zan kai ta, amma da tsoro.

Ban ga laifinki ba, Innata. Na sake rubuta wa jami'ar nan, ban sani ba ko ana ta da maganar da aka shafa wa fatiha. Abin da bakina ya kasa, na sa shi a takarda. Ke ma bari in gaya miki. Sunansa Haruna, kuma da kuka yake kwana.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ɗaga hannun Haruna.

Taki,
wadda kike kira “ke wannan”