Kunyar Ɗan Fari a Babi na Huɗu

Bukit Jalil, Kuala Lumpur
3 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo Uwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar? Yaya Inna, yaya kuma 'yar taki da na bari a hannunki, da karatunta?

Gwaggo, na ce miki saura ƙiris in gama digirin nan, to ga wata sabuwa. Kin san shekara huɗu ke nan ina rubutu a kan wata Ba'amurkiya mai sharhin fina-finai, Madam Lenora Haskett. Da sayar da tikiti ta fara a sinimar garinsu, ta ƙare da shekara arba'in tana rubutu a wata babbar jarida. A zamaninta in ta yabi fim sinima ta cika, in ta kushe shi sai mai shi ya nemi wata sana'a. Ina son alƙalaminta, ba zan ɓoye ba. To jami'armu ta gayyato ta, kuma an sa ta cikin masu yi mini jarrabawar baka ranar ashirin ga wata. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, me ya fito da ita?

Matsalar tana babi na huɗu. Shekaru talatin da suka wuce wani Badamagare, Malam Yusha'u, ya kai fim ɗinsa na farko Amurka. A ciki akwai uwa da ɗanta na fari zai tafi ci-rani. Ba ta kira sunansa ba, ba ta dube shi ba, sai ta aika masa da ƙullin ƙuli-ƙuli ta hannun ƙanwarsa. Madam ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin uwa mai busasshiyar zuciya haka ba, kuma mai fim ɗin bai san ƙauna ba. Daga nan kowa ya janye jiki, bai ƙara yin fim ba. Ni kuwa shafi talatin na cika ina nuna kunyar ɗan fari ta gani ba ta gane ba. Ke shaida ce, ni ma 'yar fari ce, har yau "waccan" nake a bakin Inna, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba.

Malamata, Dakta Norazah, ta ce tsohuwar ba ta taɓa janye magana ba. Shawararta ita ce in an zo wurin in ce na yi zuzutawa, zan cire babin. Bizata kuma ƙarshen Afrilu za ta ƙare, in na faɗi babu sauran zama. A sa ni a addu'a.

Taki,
Sakinatu

14 ga Maris

Gwaggona,

Sallama da gaisuwa. Ina fata duk kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, hankalina ne ba ya kwance.

Jiya sashenmu ya kai Madam cin abinci a unguwar Brickfields, aka ce in je. 'Yar ficiciya ce da sanda, amma idonta kamar na shaho. Na yi abin da kika koya mini: na rusuna, na sunkuyar da kai, ban kama sunanta ba, duk abin da ta tambaya na amsa ina kallon farantina. Ashe ramin kaina nake haƙawa! Yau Dakta ta kira ni ofis, fuska ba walwala. Wai Madam ta ce ɗalibar da ba ta iya kallon idon mutum akwai abin da take ɓoyewa, har tana tambaya ko ni na rubuta kundin da kaina.

Gwaggo, na ji zafin maganar nan. Shekara huɗu ban ga 'yar taki da na haifa ba saboda wannan aiki, a ce ba nawa ba ne?

Khaulah, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce, "Ki janye kawai, satifiket kika zo nema ko rigima?" Tana da gaskiya. Amma in na janye na yarda ke nan Inna ba ta ƙaunata. In kuma na tsaya, sai na dubi sa'ar kakata ido cikin ido na ce mata ta yi kuskure. Ban san wanne zan iya ba.

Ki gaishe da kowa.
Sakinatu

20 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Yanzu na shigo, ko hijabi ban cire ba.

Awa biyu aka yi. Sauran malaman suka gama nasu, sannan Madam ta buɗe babi na huɗu, duk ta bi shi da jan biro. Ta ce in duba ta, in faɗa mata da bakina abin da na rubuta. Dakta tana ta yi mini alama da ido. Na buɗe baki da niyyar janyewa, wallahi da niyyar janyewa.

Sai na ɗaga kai. Ki yafe mini, na kalli tsohuwar mutane tsakiyar ido na ce ta yi kuskure. Na ce kallon da ban yi mata ba a Brickfields girma na ba ta, ta ɗauka rashin gaskiya ne. Haka uwar nan ta cikin fim, ƙauna ce ta hana ta ɗaga ido, Madam ta ɗauka ƙiyayya ce. Na ce kuskure ɗaya ta yi sau biyu, kuma babin ba zai fita ba.

Aka fitar da ni don su yi shawara. Minti arba'in ina tsaye a baranda.

Na ci, Gwaggo. Ita ta fara sa hannu, kuma ta ce kada a taɓa ko waƙafi a babin.

Da za ta tafi ta riƙe hannuna, ta ce tana so ta rubuta wa Malam Yusha'u, in ba ta adireshinsa. Na gaya mata ya rasu shekara tara da suka wuce, yana gyaran rediyo a kasuwar Damagaram. Wannan karon ita ce ta kasa kallona.

Ki faɗa wa Inna waccan tana tafe.

'Yarki,
Sakinatu