Kujerar Gurbi na Sha Huɗu

Talata, 4 ga Maris
Wata bakwai ina gina manhajar nan ta neman gurbin ajiye mota, yau muka fara gwada ta a layin bayan ofis. Kyamara na kallon titi, gurbin da babu mota sai ya zama kore a wayar direba, wanda aka cike ya zama ja. Gurbi ashirin, sha tara lafiya lau. Na sha huɗu ya nuna kore, direba ya je ya tarar da kujerar roba a tsakiya. Kujera fa!

Laraba, 5 ga Maris
Direbobi uku sun kira sun wanke ni tas. Ɗaya ya ce manhajar maƙaryaciya ce kamar masu ita. Oga ya ce ranar sha takwas masu sayen manhajar za su zo, in aka yi kuskure a gabansu abokin aikina Dogo zai karɓi aikin. Dogo! Wanda ko sunan fayil bai iya sawa daidai ba. Har da murmushi ya yi, wai yana taya ni addu'a.
Yau babu kujerar.

Juma'a, 7 ga Maris
Ta dawo. Na sauka da kaina. Wani tsoho ne, ƙofar gidansa na kallon gurbin. Na gaishe shi da ladabi, Allah ya sani, na ce Baba, titin nan na kowa ne. Ya ce, "Haka ne, 'yata." Shi ke nan, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.
Mama ta ce ko na tambaye shi dalili? Wane dalili kuma? Mutum ya mai da titi falonsa, ni ce zan bi shi da tambaya?

Talata, 11 ga Maris
Talata da Juma'a kawai yake fito da ita, har jadawali gare shi. Yau da ya shiga ciki na ɗauke ta na kai ɗakin ajiyarmu. Ko minti biyar ba a yi ba manhajar ta kawo wata jar mota ta shige. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Wajen ƙarfe ɗaya wata farar bas ta zo, ta rasa inda za ta tsaya sai can ƙarshen layi. Ta taga nake kallo. Tsohon ya tafi da sauri, suka sauko da wata tsohuwa, shi da direban suka riƙo ta. Sau huɗu tana tsayawa kafin ƙofa. A na ƙarshe ta zauna a bakin kwata.
Mai shara ta ce matarsa ce, daga wankin ƙoda take dawowa, duk layin sun sani.
To ni wa ya gaya mini? Baki gare shi, me ya hana shi magana?

Laraba, 12 ga Maris
Ban gaya wa Mama ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Bai nemi kujerar ba, bai kuma fito da wata ba. Shi da kansa ya tsaya a gurbin, tun tara har ɗaya, rana na dukansa, mota ta zo ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri. Wani ya yi ta danna masa oda. Na duba wayata: kore. Manhajar da na kwashe wata bakwai ina ginawa ta ce babu kowa a wurin.
Taurin kai irin na tsofaffi. Abincina ma a jaka na dawo da shi.

Talata, 18 ga Maris
Masu saye sun zo. Sha tara daidai. Na sha huɗu ja, ga shi a fili babu mota, sai kujerar da na mayar da safe kafin kowa ya iso. Ɗayansu ya nuna allo ya ce wannan fa? Na ce matsalar kyamara ce. Oga ya yi mini wani irin kallo. Da yamma ya ce daga gobe aikin na hannun Dogo, ni zan riƙa taimaka masa. Wata bakwai. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska na fito.
Bas ta tsaya daidai ƙofa. Taku shida, na ƙirga.
Talata da Juma'a, daga takwas zuwa biyu, gurbin zai riƙa zama ja. Layi uku kacal na ƙara a ɓoye a cikin rubutun manhajar, mai layi sama da dubu goma. Dogo ya nemo su in ya iya.